Huji Uku da Ciwon Kafaɗa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban taro, shugabar wannan asibiti da mataimakanta, likitocin mata da likitocin fiɗa, masu ba da allurar barci waɗanda ba a gode musu domin mutum yana barci suke aikinsu, ma'aikatan jinya da ungozomomi, masu wanke kayan aiki da masu goge daɓe, malamanmu, iyayenmu mata da suka cika kujerun gaba, da 'yan uwana maza da suka taru a bakin ƙofa don fita ta yi sauƙi, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana ranar buɗe wannan sabon ɗakin tiyata na mata. Ina gode wa waɗanda suka gina, da waɗanda suka sayo kayan, da waɗanda suka tafi suka koyo sarrafa su, domin na'ura ba mai hannu a kanta ƙarfe ce kawai. Ina kuma gode wa kwamitin da ya ga dacewar in yi magana, ko da yake ni ba likita ba ne. Aikina a maɗaba'a yake, ina zaune da jan biro ina farautar kuskuren da wasu suka yi. An ce in yi magana a madadin dangin marasa lafiya, wato mu masu zaman benci, mu da ake rufe wa ƙofa a ce mu jira. A wannan fannin kam ina da digiri.

Maganata huɗu ce, kuma duk a kan labarin ƙanwata za su hau. Autar ɗakinmu ce, har yau Auta muke ce mata, tela ce. Na nemi izininta kafin in hau nan, ta ce in faɗa amma kada in ƙara gishiri. Na ce mata ai ni ragewa ce sana'ata.

Magana ta farko, ku san abin da ake yi a bayan waccan ƙofa, domin abin da mutum bai sani ba, ko dai ya ji tsoronsa ko ya raina shi.

Auta da mijinta sun yi shekaru ba haihuwa. Mijin bakanike ne, mutumin kirki, wanda in ya riƙe hannunka sai ka nemi sabulu. Ba zan lissafa muku magungunan da aka sha a gidan nan ba. Duk wanda ya shigo da kwalbarsa ya shigo, har mai gyaran famfo ya taɓa barin tasa. Da suka gaji suka zo wurin wata likitar mata, abin da ta fara cewa shi ne a gwada su duka biyun, domin sau da yawa matsalar tana wajen miji, kuma gwajinsa ya fi sauƙi. Bakanike ya same ni ya ce, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau." Na ce, "Duk motar da ake turo maka, mai ita ba haka yake cewa ba?" Ya je. Aka ce lafiyarsa ƙalau ɗin. Ya yi kwanaki yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Aka koma kan Auta. Likita ta zana mana a takarda. Ga mahaifa, ga gidan ƙwai dama da hagu, ga hanya biyu da ke tsakaninsu, kowace kamar kaurin fensir, ramin cikinta kuwa a wani wurin bai fi zare ba. Ta wannan 'yar hanya duk wanda ke zauren nan ya biyo, har da masu manyan riguna. Abin da zai tare ta ba sai ya zama babba ba. Wani lokaci ƙari ne a jikin mahaifa, wani lokaci ɗan tsiro ne a cikinta, wani lokaci nama irin na cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta ya riƙa azabtar da mace duk wata, wani lokaci kuma kayan ciki ne suke mannewa da juna bayan wani tsohon ciwo.

A da, in ana son a ga wannan, sai a buɗe ciki. Yanzu akwai wata hanya. Ana sa mace barci, a yi ɗan huji a gefen cibiya, a hura iska don cikin ya ɗaga a sami wurin gani, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara. Sai a yi wasu 'yan huji biyu a ƙasa, a zura almakashi da matsefata masu dogon wuya. Likita tana kallon allo, hannunta yana waje, aikin yana ciki. In kuwa matsalar a cikin mahaifar take, ko hujin ma ba a yi, ta hanyar da Allah Ya halitta ake bi da kyamarar a cire abin. Magabata sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Likitoci sun ji wannan magana, suka ce to bari su rage wuƙar.

Ranar aikin muka zauna a benci, ni da Bakanike. Bencin yana da gajeriyar ƙafa ɗaya, in ɗayanmu ya tashi ɗayan sai ya yi sujada. Bakanike ya tashi ya zauna har na fara jin jiri. Can Likita ta leƙo, hula a ka, ta ce sun tarar da mannewa ta naɗe hanyoyin biyu, sun warware, sun zuba ruwan gwaji ya wuce. Washegari Auta ta taka da ƙafarta ta shiga mota.

Magana ta biyu ita ce abin da ya faru a gida, kuma saboda ita na yarda na hau nan.

Muna da gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarmu. Ita ma a zamaninta ta daɗe ba ta haihu ba, aka yi mata aikin ƙari, aka tsaga ta daga cibiya zuwa ƙasa, ta yi makonni a kwance, bayan nan Allah Ya ba ta ɗa namiji, wanda a gidansa take zaune yau. Saboda haka a wajen Gwaggo an san yadda aiki yake kama. Ta iso da jakar kayanta da tabarma, ta shirya zaman jinya na wata guda. Ta tarar da mara lafiyar a zaune tana tsince zare a jikin wata riga.

Ta ce, "Ina aikin?"

Auta ta ɗaga riga. Filasta uku, kowace ba ta kai tafin jariri ba.

Gwaggo ta sunkuya ta duba, ta ɗago. "Wannan ai cizon sauro ne aka rufe. To ina ke miki ciwo?"

"Kafaɗa, Gwaggo."

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati. "Jama'a ku ji mini! Mun kai ciki, an dawo mana da kafaɗa."

Ni kuma da na kwana biyu ina karance-karance, na gyara murya na yi bayani cewa ragowar iskar da aka hura ce take taɓa wata jijiya a ƙasan haƙarƙari, jijiyar kuma ta kai ƙara kafaɗa, kwana kaɗan zai wuce. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. Tun ina yaro Na-Takarda take ce mini. Ta ce, "Na-Takarda, wato iska kuka je aka ɗura mata. Sannunku da ƙoƙari." Na waiga wajen Bakanike ko zai taimake ni. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, tsakani da Allah, ni dai ban taɓa gyara inji ban buɗe bonet ba."

Kuna dariya, mu ma mun yi. Amma ku ji abin da ya biyo baya. Tunda ba a ga rauni ba, ba wanda ya zo dubiya. Tunda ba wanda ya zo dubiya, masu ɗinki suka ci gaba da sallama a ƙofa, wannan tana da biki, waccan tana da tafiya. Likita ta ce a huta, amma wa zai huta a kan cizon sauro? Auta ta koma taka keke tun cikinta bai daina tsami ba. Watanni suka shuɗe, ba labari. Kowane wata ya kama, maganar Gwaggo sai ta ƙara nauyi: ba a yi komai ba, an dai shafa mana mai a baki.

Daga nan Gwaggo ta samo wani likita a wani ɗan asibiti bayan tashar mota, irin wanda ba ya ɓata wa mutum lokaci da tambayoyi. Ya danna cikin Auta da yatsu, ya ce lallai akwai abu, sai an buɗe. Aka sa rana. To a nan ne dariya ta ƙare, domin likitar farko ta riga ta gaya mana cewa ciki ba ƙofar shago ba ne. Duk buɗewa tana iya barin sabuwar mannewa, hanyar da aka sha wahala aka warware tana iya sake naɗewa, watakila ba gyara. Na faɗa, na maimaita, na kawo littafi. Bakanike ya rasa inda zai sa kansa. Auta kuwa an sa ta tsakanin matar da ta goya ta da matar da ta yi mata aiki. Ana saura kwana kaɗan ta ce abu ɗaya take roƙo, mu koma wurin Likita gaba ɗayanmu, har da Gwaggo.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ga fanka mai kuka, ga wurin wanke hannu, ga kujera biyu. Gwaggo ta zauna a ɗaya ta ɗora jakarta a ɗayar, sauranmu muka jingina da bango. Likita ta saurare ta har ta gama, ba ta katse ta ba. Sannan ta ce kyamarar nan tana ajiye abin da ta gani. Ta dubi Auta ta ce, "Cikinki ne. In nuna musu?" Auta ta ce, "Nuna musu, Likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Jama'a, na karanta abin a littafi, amma gani ya kori ji. Muka ga wuri ja mai sheƙi, muka ga wasu zaruruwa farare kamar saƙar gizo-gizo a ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, sun ɗaure hanyar sun lanƙwasa ta. Muka ga ɗan almakashi yana bin su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Can sai ga ruwa shuɗi kamar bula ya ɓullo daga bakin hanyar. Bakanike ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ce, "Likita, don Allah wannan fitilar a ina ake sayar da ita?"

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wannan saƙar daga ina?"

Likita ta ce daga afendis, wato wani ɗan tsiron hanji, da ya fashe wa Auta tana yarinya, da kuma yankan da aka yi a lokacin. Ta ce ba laifin kowa ba ne, da ba a yanka ba da yanzu babu Auta. Ta kuma ce wa Gwaggo, "Mama, aikin da aka yi miki daidai aka yi, har gobe in ƙari ya yi girma mukan buɗe. Amma ita babu abin da za a buɗe a ciro. In aka buɗe, saƙar ce za ta iya dawowa."

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara jin daɗin an tabbatar da littafina. Muna saukowa, Gwaggo ta zauna a kan matakala, mutane na ratsa ta. Ta ce, "Na gani. Ban ce ban gani ba. To ni ce na gani. Dangin mijinta fa? Matan layinsu fa? Kai Na-Takarda ba ka san komai ba. Lokacin da ake yi da ni, ana cewa na samu wuri na miƙe ƙafa, ban damu ba, ban nema ba, ka san abin da ya rufe bakin mutane? Ba ɗan ba ne, shi daga baya ya zo. Ranar da suka zo suka gan ni a kwance, an ɗinke ni kamar buhu, ko tari ba na iyawa, daga ranar ba wanda ya ƙara cewa ban nema ba. Ita wannan da me za ta nuna?"

Duk watannin nan na ɗauka Gwaggo ba ta fahimci likitanci ba ne. Ashe garkuwa take nema wa 'yarta, irin wadda ta taɓa kare ta, ba ta kuwa san wata ba.

Auta ta durƙusa a gabanta, ta riƙe gwiwarta. Ta ce, "Gwaggo, na san don ni kike yi. Amma in na ba da cikina aka rufe musu baki, da me zan ɗauki ɗan? Ba zan je ba. Su yi ta faɗa."

Gwaggo ta dube ta. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To tashi, kin tare wa mutane hanya." Nan take Bakanike ya ciro waya ya kira wancan asibitin ya ce a ba wani gadon.

Magana ta uku gajeriya ce, kuma likitoci za su so in faɗe ta. Ƙaramin huji ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai allurar barci, akwai hatsarin zubar jini ko taɓa wani abu a ciki, kuma wani lokaci a tsakiyar aiki likita zai ga dole sai ya buɗe. Ba kowace mace ce ke bukatarsa ba, wata ƙwaya ta ishe ta, wata kuma mijinta ne za a yi wa magani. Ba kuma alkawarin haihuwa ba ne. Likita share hanya yake yi, mai tahowa Allah ne ke turo shi. In hanyar ta lalace ƙwarai, za a gaya muku gaskiya, a yi maganar haɗa ƙwai a waje a mayar cikin mahaifa. Wadda aka gyara wa hanya kuma, da ta ga ɓatan wata ta zo da wuri a duba inda cikin ya zauna, domin yakan tsaya a hanya, wannan kuwa ba abin wasa ba ne. Ku zo da wuri, shekaru ba sa jiran kowa ya gama shawara. Ku yi tambaya, ku sake yin tambaya. Likitan da ke jin haushin tambaya, ku bar masa wuƙarsa ku yi gaba.

Magana ta huɗu tamu ce, mu dangi, mu maƙwabta, mu masu baki. Masana sun yi shekaru suna ƙoƙarin rage wa mace rauni, sun rage tsagar da ta kai taƙi ta koma huji, sun rage jinyar wata ta koma ta kwanaki. Mu kuwa ba mu rage komai ba. Har yanzu sai mun ga jini muke yarda an sha wahala, sai mun ga ɗinki muke yarda an nema, sai mun ga mutum ya kasa tashi muke tuna muna da ƙafar zuwa gaishe shi. Matan da za su fito daga wannan ɗaki za su fito da ƙafarsu, ba abin nunawa. Ku je ku gaishe su duk da haka. Ku ɗauke musu wanki da girki, ku kore musu masu sallama a ƙofa. Wadda ta ce muku an yi mata aiki, ku ce sannu, kada ku ce mu gani. Kada a sake samun macen da za ta kwanta a yanka ta don kawai mu mu yi shiru. Shirun nan kyauta ne, muna iya bayarwa tun yau.

Na san tambayar da ke bakin kowa, tun ɗazu nake ganin ta a fuskokin iyayenmu na kujerun gaba. To Auta ta haihu? Ba ta haihu ba tukuna. Hanya a buɗe take, Likita ta ɗibar musu lokaci, in ya cika ba labari za su zauna a duba mataki na gaba. Da na so in zo muku da jariri a kafaɗa a yi tafi a watse, amma an ce kada in ƙara gishiri a abin da ba nawa ba, kuma mace ba sai ta haihu ne ta cancanci a ba da labarin ƙoƙarinta ba.

Tana cikin zauren nan. A'a, ku tsaya. Ga shi har wuyoyi sun fara juyawa, kuma na ga inda idanun suke sauka, ba a fuska ba ne. Wannan kallon da kuka yi yanzu, shi take sha kullum a hanya da kasuwa da gidan suna, kuma babu na'urar da aka sayo a ɗakin can da ke cire shi. Ku dawo da idanunku wajena, ni aka ba lasifika. Ku bar ta ta zauna cikin jama'a kamar kowa, in an tashi ta fita kamar kowa.

Allah Ya sa albarka a wannan ɗaki da hannuwan da za su yi aiki a cikinsa. Allah Ya sa duk wadda aka sa barci a ciki ta farka lafiya. Masu nema Allah Ya ba su masu albarka, waɗanda Ya jinkirta wa Ya ba su haƙuri da dangin da za su bar su su yi haƙurin. Allah Ya saka wa iyayen da suka riƙe mu, Ya shirya harsunanmu da idanunmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.